Tankaɗe da Rairaya Kafin a Zaunar da Mutum Bakwai

A Gana, in aka gurfanar da mutum a gaban Babbar Kotu bisa tuhumar kisan kai, ba alƙali ne ke cewa ya aikata ko bai aikata ba. Mutum bakwai ne ke faɗa, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba lauya ba ne. Su ake kira 'yan juri. Alƙali shi ke riƙe da ragamar zama, shi ke fayyace musu abin da doka ta ce, shi ke yanke hukunci in sun ce akwai laifi, amma kalmar nan guda, da laifi ko babu, daga bakinsu take fitowa. Sashe na 19 na tsarin mulkin 1992 ne ya ajiye haka ga duk laifin da hukuncinsa kisa ne ko ɗaurin rai da rai, in ban da cin amanar ƙasa, wanda alƙalai uku ke zama a kansa. Mai karatu a Kano ko Zariya zai ji abin bambaraƙwai, don kotunan Najeriya ba sa aiki da juri. Amma uwar da ke Nima ko Mamobi, unguwannin zango na Akra, wadda ɗanta ke tsare a kurkukun Nsawam yana jiran shari'a, ta san cewa bayan Allah, a hannun bakwai ɗin nan makomar ɗanta take.

To su wa ke zama a kujerun nan, kuma wa ke zaunar da su? Ranar zaɓensu ba ta cika tara jama'a ba. 'Yan jarida ranar hukunci suke jira, dangi ma sukan ɗauka ba a fara komai ba tukuna. Ni kuwa a wurina, a wannan safiya ake bambanta lauyan da ya san aikinsa da wanda ya yafa baƙar riga ya ɗora hular gashi kawai.

Binciken da ake yi wa mutum kafin a yarda da shi yana da suna a bakin lauyoyi. Voir dire ake rubutawa, ana furta shi kusan "buwa diya". Tsohon Faransanci ne da ya zauna a kotunan Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066, daga can ya biyo dokar Turawan mulki har ya iso gaɓar tekun nan. Ma'anarsa faɗin gaskiya, domin wanda za a bincika yakan rantse cewa zai amsa gaskiya game da kansa. A Hausance tankaɗe da rairaya ke nan, kuma rariyar ba ɗaya ba ce.

Ta farko doka ce. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 1960, wadda aka fi sani da Doka ta 30, ta ce ɗan juri ya kasance mazaunin Gana, shekarunsa tsakanin 25 da 60, kuma yana jin Turanci. Wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi ko laifin rashin gaskiya ba ya zama. Akwai kuma waɗanda aka ɗauke wa nauyin saboda aikinsu: alƙalai, lauyoyi, 'yan sanda, sojoji, ma'aikatan gidan yari, likitoci, 'yan majalisa, malaman makaranta da ke koyarwa, da shugabannin addini. Wato limamin unguwa ba ya cikin lissafi. Sharaɗin Turancin nan kuwa yana yi mini ciwo, ko da yake na san dalilinsa. Hajiyar da ta tsufa tana auna gero da wake a kasuwar Nima, wadda kallo ɗaya take yi wa mai neman bashi ta san ko zai biya, ba ta da kujera a nan in ba ta yi boko ba. A aikace ma, shekara da shekaru mafi yawan sunayen daga ma'aikatun gwamnati aka yi ta ɗebo su, don su ne masu sauƙin samu.

Waɗanda aka aika wa sammaci sukan hallara a babban ginin kotuna na Akra, wanda aka buɗe a 2015 daf da bakin teku. Su zauna gefe guda, maza da mata. Rajistara ya rubuta sunan kowa a kan kati, a zuba katunan a akwati. Doka ta ce katunan su zama girmansu ɗaya, kuma wannan ɗan sharaɗi ba banza ba ne: don kada yatsa ya gane wani kati tun kafin ido ya gan shi. A bainar jama'a rajistara ke sa hannu ya zaro, ya kira suna, mai sunan ya taso ya tsaya inda wanda ake tuhuma zai gan shi sosai. Kafin nan an riga an gaya wa wanda ake tuhuma cewa waɗannan su ne za su yi masa shari'a, in yana da ja a kan wani, ya yi magana kafin mutumin ya rantse. Tafinta ya juya masa da Hausa, ko Dagbani, ko Twi. Da zarar mutum ya ɗaga Alƙur'ani ko Baibul, ko ya yi alkawarin gaskiya ba tare da riƙe littafi ba, ƙofa ta rufe. Duk ƙwarewar da za a nuna, a cikin wannan ɗan tsakani ake nuna ta, tsakanin kiran suna da rantsuwa, kuma sau da yawa bai kai minti guda ba.

Makamai biyu ne a hannun lauyan kariya. Na farko shi ne ƙin da ba a tambayar dalilinsa. Wanda ake tuhuma, da kansa ko ta bakin lauyansa, yana iya cewa bai yarda da wane ba, shi ke nan, mutumin ya koma ya zauna, ba wanda zai ce masa don me. Amma sau uku kacal doka ta ba shi. Na biyu shi ne suka mai dalili, wadda ba ta da iyakar adadi, kuma lauyan gwamnati ma yana da ita. Ba a yarda a ƙi taron gaba ɗaya ba, ɗaya bayan ɗaya ake bi.

Ukun nan su ne wurin lissafi. Kujeru bakwai, ƙi uku, kuma ba ka san sunan da zai fito gaba ba. Wanda bai goge ba yakan ga mutum na farko ya haɗe rai ya ƙi shi, na biyu ya yi masa kama da tsohon ɗan sanda ya ƙi shi, na uku bai san ma me ya sa ba. Sai ga na biyar ya taso, wanda tun da safe yake hararar akwatin da yaron da ake tuhuma ke tsaye, hannu kuwa ya riga ya bushe. Gogaggen lauya ba haka yake yi ba. Yakan riga kowa isowa, ya zauna inda zai ga masu jiran kira, ya yi ta nazarinsu yana ɗan rubutu a gefen takarda. Wa ya ɗaga kai ya saurara da aka karanta tuhuma? Wa ya taɓe baki da aka ambaci Nima? Wa ke ta duban agogo, alamar ransa na ofis ko shago? Ya kasa su uku a ransa: waɗanda zai karɓa hannu bibbiyu, waɗanda zai haƙura da su, da 'yan kaɗan da ba zai taɓa yarda su zauna ba. In aka kira na tsaka-tsaki, tambayar da yake yi wa kansa ba "wannan ya yi mini?" ba ce. Tambayar ita ce, "in na kore shi, wa ya rage a akwati?" Domin wanda aka ƙi, wani ne zai maye gurbinsa, kuma ba kai ke zaɓar magajin ba. Shi ya sa za ka ga ya bar mai ɗaure fuska ya wuce, ya riƙe ƙinsa na ƙarshe gam har sai kujera ta bakwai ta cika. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma shi ya san mai murtuke fuska kan zama mai sauraro da kyau, mai yawan murmushi kuma yana iya zuwa da hukuncinsa tun daga gida.

Wannan duk abin da ido ke gani ne a kotu. Aikin gaske an yi shi makonni kafin nan. Tun daga kotun majistare, inda ake fara miƙa irin wannan ƙara zuwa Babbar Kotu, lauya yana samun takardar tuhuma da taƙaitaccen bayanin shaidu, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a shari'ar Baffoe-Bonnie ya zama wajibi masu gabatar da ƙara su ba ɓangaren kariya takardun da ke hannunsu. Sunayen shaidun nan yake ɗauka ya kama hanyar Nsawam. Ya zauna da yaron, farar takarda a gabansa, ya fara jan layi daga suna zuwa suna. Gidan wa kuke haya? Wa ya koya maka gyaran babur? Ka taɓa shiga ƙara da wani? Marigayin, a ina 'yan'uwansa ke aiki? Daga nan ya shiga zango, ya bi lungu har tsakar gidan da uwar yaron take, ya cire takalmi, ya gaisa a tsanake, ya yi jaje, sannan ya ce, "Mma, ki gafarce ni, tambayar za ta yi kama da shisshigi. Mai gidan nan, akwai wani nasa da ke aikin gwamnati?" Ita kuma ta ce, "Ɗana, ai ƙanwar matarsa a can take." Ya rubuta.

Me ya sa yake wannan wahala? Domin Doka ta 30 ta lissafa dalilan suka, kuma kamar da zaman zango aka auna su. Miji da mata. Maigida da yaronsa. Mai gida da ɗan haya. Wanda ke aiki a ƙarƙashin wanda ake tuhuma ko wanda aka cuta. Wanda ya taɓa yin ƙara da ɗayansu. Wanda ya riga ya ƙulla ra'ayi a kan shari'ar. Sai kuma dalilan jiki, kamar kurumta, makanta, tsufa ko rashin lafiya, da rashin jin Turanci. A Nima da Mamobi, inda gida ɗaya kan ɗauki iyalai da yawa a ɗakunan haya, inda kusan kowane saurayi yana da ubangidan da ya koya masa ɗinki ko walda ko kanikanci, inda Bahaushe da Bazabarme da Bakotokole da Badagombe suka haɗa aure da maƙwabtaka, waɗannan zaruruwa sun sarƙe ta ko'ina. Wanda bai taka ƙafa ya shiga ba ba zai gan su ba. Amma akwai iyakar da mai mutunci ba ya ƙetarewa: ba ya neman ɗan juri, ba ya aika masa, ba ya gaishe shi a gefe. Nasa ɓangaren yake bincika, don in suna ya fito ya gane shi.

Ya kuma shirya da yaron yadda za su yi magana ba baki, tunda yaron na tsaye a akwati, lauya na can gaba a teburi. In ka san fuskar, ka dafa katakon gabanka. In ba ka san ta ba, ka bar hannunka a ƙasa, ka bar mini sauran. Lauyan da ya shigo a makare da fayil ɗin da bai buɗe ba tun ranar da aka ba shi, shi kan juya ne kawai ya ce wa yaron, "Ka yarda da shi?" Yaro a tsorace, bai taɓa ganin mutumin ba, ya gyaɗa kai.

Idan aka yi suka mai dalili, ɗaya ɓangaren kuma ya ce bai yarda ba, a nan ainihin faɗin gaskiyar ke zuwa. Alƙali shi kaɗai ke yanke wannan ƙaramar shari'a. A rantsar da wanda aka soka, a yi masa tambayoyi game da kansa. Iya tambaya a nan abin kallo ne. Ba wanda za ka ce wa "kana ƙin mutanen zango?" ya ce maka i. Ba a ma tambayar mutum ko zai yi adalci, don kowa zai ce zai yi. Abin da ya faru ake tambaya, ba abin da ke zuci ba. A ina ka fara jin labarin nan? A rediyo, ko a bakin wani? Wanda ya gaya maka, yaya kuke da shi? Da ka ji, ka ce wani abu? Muryar a ƙasa, ba zargi, ba kunyatarwa, domin sauran masu jira suna saurare, kuma daga cikinsu za a cike kujerun. Lauyan da ya ci mutuncin mutum ɗaya a gabansu ya ɓata wa kansa shida. Sau da yawa mutumin kirki da kansa yake cewa, "Ya Mai Shari'a, gaskiya na san gidan marigayin," alƙali ya gode masa ya sallame shi, ƙin nan uku kuma suna nan ba a taɓa ko ɗaya ba.

Almajirin da ya karanta Risala ko Muhtasar a zaure ba zai ji wannan baƙo ba. A fiƙihun Malikiyya ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta ɗa domin amfanin ubansa, kuma alƙali kan tambayi wanda ake ƙara ko yana da suka a kan shaida. Bambancin shi ne can shaida ake tacewa, nan kuma masu sauraron shaidar.

Akwai maganar da ba ta da daɗin faɗa. A Akra akwai mutanen da in suka ji an ce saurayi ɗan Nima ne, sun riga sun gama da shi. Ba kowa ba ne, amma akwai su, kuma lauyan da ya yi kamar bai san haka ba ya ci amanar wanda yake karewa. Sai dai gwani ba ya faɗawa ramin da ke ɗaya gefen. Ba ya ɗauka cewa duk mai suna Musa ko Amina nasa ne, duk mai suna Kofi ko Akosua kuma abokin gaba. Ɗan unguwa ya fi kowa jin jita-jita, a wurin masu shayi, a majalisar samari, a ƙofar masallaci bayan Isha'i, kuma yana iya jin nauyin dangin marigayi fiye da na dangin yaro. Abin da lauya ke nema shi ne mutumin da kunnensa ke buɗe har ranar ƙarshe, ko daga ina ya fito.

A Amurka abin ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Can lauyoyi kan yi kwanaki suna yi wa kowane mutum tambayoyi, bayan ya cike takarda mai shafuka da yawa. A shari'ar Derek Chauvin, ɗan sandan da ya kashe George Floyd a Minneapolis, zaɓen juri kaɗai ya ci kusan mako biyu a watan Maris na 2021. Kotun Ƙolinsu kuma tun 1986, a shari'ar Batson, ta hana a kori mutum saboda launin fatarsa. Ingila ita soke ƙin da ba dalili ta yi a 1988. Lauyan Gana yana tsakiya: yana da ƙi uku, amma ba shi da damar yi wa kowa dogon titsiye. Ƙarancin kayan aikin nan ne ma ke ƙara masa girma a idona.

Shi ya sa in ka ji lauyan Akra ya ambaci voir dire, sau da yawa wani tankaɗen yake nufi, na takardar amsa laifi. In masu gabatar da ƙara suka kawo bayanin da aka ce yaro ya yi a ofishin 'yan sanda, lauya ya miƙe ya ce ba da son ransa ya yi ba, sai a fitar da 'yan juri daga ɗakin, a yi ƙaramar shari'a a cikin babba. Dokar Shaida ta 1975 ta ce iƙirarin wanda ke tsare sai an yi shi a gaban wani shaida mai zaman kansa, wanda ke jin harshen da mutumin ya yi magana da shi, yake kuma iya karanta harshen da aka rubuta. Ga yaron da ya yi bayani da Hausa, aka rubuta da Turanci, aka dangwala masa yatsa, wannan sashe rai ne. Lauya kan tambayi shaidan, da wane harshe yaron ya yi magana? Kai a ina ka koyi Hausa? Ka karanta masa abin da aka rubuta kafin ya dangwala? In alƙali ya ƙi takardar, bakwai ɗin nan ba za su taɓa jin abin da ke cikinta ba.

Nauyin da ake ɗora wa 'yan juri ba ƙarami ba ne. Bayan rantsuwa su zaɓi shugaba daga cikinsu. In kisa ne hukuncin da doka ta tanada wa laifin, sai bakinsu ya zo ɗaya su bakwai. In bai kai haka ba, biyar daga ciki sun isa. A tsarin da aka daɗe ana bi ba a ajiye na takwas a gefe, saboda haka rasuwa ko doguwar jinyar mutum ɗaya na iya mayar da shari'ar shekaru farko, abin da ya sa lafiya da shekarun ɗan juri ke cikin abin da mai hankali ke dubawa tun ranar zaɓe. Dubi shari'ar Manjo Maxwell Mahama, wanda taron mutane suka kashe a Denkyira-Obuasi ranar 29 ga Mayu, 2017. Mutum 14 aka gurfanar a gaban Mai Shari'a Mariama Owusu. Kowanne yana da ƙinsa uku, ka ga 42 ke nan in kowa ya yi amfani da nasa, a ƙarar da kusan kowa a ƙasar ya ga hotunanta a waya. Duk da haka aka samu bakwai a 2018, suka zauna har Janairun 2024, suka sami 12 da laifi, suka wanke biyu. Biyun nan ne ke burge ni, domin sun nuna an auna kowa a kan nasa, duk da fushin da ƙasa ke ciki. A Afrilun 2023 kuwa, a shari'ar kisan Adams Mahama na Bolgatanga, juri sun rabu huɗu da uku a kan Gregory Afoko da ake tuhuma, aka ce a sake daga farko, kuma Antoni Janar na lokacin, Godfred Dame, ya fito ya soki tsarin. Akwai abin gyara, ba musu. 'Yan juri sun sha shiga yajin aiki saboda alawus ɗinsu ya yi watanni bai fito ba, waɗanda ke tsare kuma su ke biyan kuɗin jinkirin da kwanakin rayuwarsu. Amma a gyara shi nake so, ba a rushe ba.

Saboda haka, iyayenmu na Nima da Mamobi, in Allah ya jarabce ku da irin wannan shari'a, ku tambayi lauya ranar zaɓen juri, ku je, kuma ku gaya masa duk wata alaƙa ko tsohuwar gaba da kuka sani, ko da kuna jin kunyarta. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a tun da wuri. Kai kuma ɗan'uwa, ɗan zangon da ya yi karatu yake aiki a ofis, in sammacin juri ya iso teburinka, kada ka tafi neman takardar likita don ka zille. Ka amsa kira, in an tambaye ka ka faɗi gaskiya, in an karɓe ka ka zauna ka saurara har ƙarshe.